Idan mesa ta ƙi ci: shaidar mai kiwonta daga ƙauyen Jigawa

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu, kuma bayan gona da 'yan awaki, babban kaso na rayuwata ya tafi ne wajen kula da ƙaramar mesar nan da ke dunƙule jikinta ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Ni ba gardi ba ne, ba na wasa da ita a kasuwa, ba na kuma sayar da maganin maciji. Batun halaccin ajiye ta a gida na malamai ne, na bar musu. Abin da na sani shi ne duk ran da ka tsare, cinsa da shansa sun rataya a wuyanka. Kuma tambayar da samari suka fi kawo mini, da baki ko ta waya, guda ɗaya ce: "Baba, ta ƙi ci, me zan ba ta?" Amsata ba ta canzawa. Ɗana, kada ka ba ta komai tukuna, fara ɗora ta a sikeli.

Dalili kuwa, wannan dabba an halicce ta ne a kan jure yunwa. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Senegal har zuwa Sudan da Uganda, kuma yawancin waɗanda ake kiwo a Amurka da Turai kakanninsu daga Ghana da Togo da Benin aka fitar da su. A daji wuninta a rami yake, ramin ɓera ko tsohon suri, inda duhu ne, da ɗumi, da danshi. Sai dare ya yi take leƙowa, kuma sau da yawa ba ta bin abinci, kwanto take yi masa a bakin rami. Babba lafiyayya tana iya yin wata uku, wata biyar, wani lokaci fiye, ba ta haɗiyi komai ba, jikinta bai nuna ba. Tana kuma yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A gidan namun daji na garin Sent Luwis a Amurka akwai wadda ta yi ƙwai a 2020 tana da shekara kusan 62. Dabbar da rayuwarta take haka ba ta gaggawa. Mai ita ne ke gaggawa, gaggawarsa ce kuma ke jawo yawancin ɓarnar.

Kafin in shiga maganar ci, akwai gargaɗi ga mutanenmu na Kano da Jigawa. Wannan mesa ta fi yawa a kudu da mu, inda ruwan sama ya fi namu. Gajeren maciji mai kauri da zane da za ka gani a gonarka a nan ya fi kusa da zama kasa, ƙaramin kuma kububuwa, kuma dukkansu suna kisa. Kada wani ya karanta wannan ya je ya sa hannu a rami. Haka kuma cinikinta zuwa ƙasashen waje yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, sai da takardar izini, ga kuma dokar Najeriya kan namun dajin da ke fuskantar ƙarewa.

To, sikeli. Ƙaramin na batir, irin wanda ke nuna giram, shi ake so. A sa ta a roba mai murfi, a auna, a cire nauyin robar, a rubuta a littafi da kwanan wata. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, domin yawan ɗauka shi ma yana hana ta ci. Idan mai giram 1,500 ta yi wata biyu ba ta ci ba, ta sauka zuwa 1,460, wannan ba komai ba ne, kashi da fitsari kawai ta zubar. Idan ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, wato giram 150, magana ta canza. A duba bayanta ma. Lafiyayya jikinta a cike yake, ƙashin baya a lulluɓe da tsoka. Wadda ta rame ƙashin bayan yana fitowa da tsini, fata tana tattarewa a gefe, wuyan ya sirance. Jarirai su kam ba su da ajiyar kitse. Ana ƙyanƙyashe su da giram 50 zuwa 100, ba sa ci sai sun yi saɓar farko, mako ɗaya zuwa biyu bayan fitowa daga ƙwai. Bayan nan, idan jaririya ta wuce mako uku zuwa huɗu tana ƙi, nauyi kuma yana sauka, ba a zuba mata ido irin na babba.

Inda na fi son a tsaya shi ne zafin wurin kwananta, don a nan ne shawarar da ke yawo a intanet take ruɗa mutanenmu. Masu rubuta ta suna ƙasashen sanyi, da wutar lantarki dare da rana, damuwarsu yadda za su ɗumama akwati. Mu namu yanayin kashi biyu ne masu hannun riga da juna. Abin da mesar ke so bai canza ba: gefe ɗaya na akwatin ya kasance digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 24 zuwa 27, ita ta zaɓi inda za ta kwanta. Jikinta ba ya samar da zafin kansa, da zafin wuri take narkar da abinci. Idan wuri ya yi sanyi, ɓeran da ta haɗiye zai fara ruɓewa a cikinta kafin ya narke, ita kuma jikinta ya san haka, sai ta ƙi ɗauka tun farko. Ƙin cin nan kariya ce gare ta.

A Disamba da Janairu, daren hunturu a nan yana sauka ƙasa da digiri 15. Mesar da ke kan siminti a ɗakin kwano ba za ta ci ba ko me aka kawo mata. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a sa shi kan katako ko buhu mai kauri, a ɗakin ƙasa idan akwai, domin ginin ƙasa yana riƙe ɗumin rana har cikin dare. Mai sola zai iya sa shimfiɗar ɗumamawa ta lantarki a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, amma sai da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai yadda aka saita. In babu ita, mesar za ta kwanta a kai har cikinta ya ƙone ba ta tashi ba. Wanda ba shi da wuta ya cika galan da ruwan ɗumi, ya naɗe shi da tawul, ya jingina a jikin akwatin ta waje, gefe ɗaya kawai, ya sake ruwan kafin asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa a'a, hayaƙinsa na iya kashe ta, ya haɗa da mai ita. Ma'aunin zafi a ajiye shi a ƙasan akwatin, inda cikinta ke taɓawa. Tafin hannu ba ma'auni ba ne.

Hunturu bai tsaya ga sanyi ba, yana busar da iska. Tana son danshi na kashi 55 zuwa 70 cikin 100, iskar hunturu kuwa tana sauka ƙasa da 20. Bushewa tana hana saɓa fita gaba ɗaya, ta manne a ido da wutsiya, mesar da idonta ya rufe da tsohuwar fata kuma ba ta sakewa ta ci. Maganin yana da arha. A samu tukunyar ƙasa, a fasa mata ƙofa a gefe daidai kaurin jikin mesar, a goge bakin da dutse don kada ya yanke ta, a kife ta, a shimfiɗa tsumma mai ɗan danshi a ciki, wanda aka matse har ba ya ɗiga. A sa kwanon ruwa mai faɗi da nauyi, wanda ba za ta kifar ba. A toshe rabin ramukan iska na murfin. Ba a jiƙa shimfiɗar akwatin gaba ɗaya, kwanciya a jiƙe tana ruɓar da ɓawon ciki.

Sai bazara. Afrilu da Mayu a Jigawa zafi yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Daga 35 zuwa sama haɗari ne gare ta, ba ƙin ci kaɗai ba, mutuwa ce ke kusa. Za ka ga ta fito da rana tana zagaye, tana tura hanci a murfi, ko ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita. Lokacin nan a mayar da akwatin ƙasa, a lungu mafi sanyi na ɗakin ƙasa, kusa da randa, a lulluɓe gefe ɗaya da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ni a ganina, ko ta nuna tana so, gara a rage ciyarwa a tsakiyar bazara, a jira saukar ruwan farko. Da damina kuwa yanayinmu yana zama daidai da abin da take so ba tare da wahala ba, a nan ne galibinsu ke ci da kyau su yi jiki.

Maɓoya ita ce ta biyu. Mutum yana so ya riƙa kallon abin da yake kiwo, sai ya sa ta a babban keji na gilashi ko raga, a fili, yara suna leƙe, ana ƙwanƙwasawa, kaji suna wucewa. Mesa a haka ji take kowa na ganinta, mai jin tsoro kuma ba ya cin abinci. Maɓoya biyu ake sa mata, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, kowace matsattsiya yadda jikinta zai taɓa bango ta ko'ina. Idan ɗaya ce kaɗai, za ta zaɓi ɓuya ta haƙura da zafin da ya dace. Sabuwar zuwa a bar ta kwana 7 zuwa 14 ba taɓawa, ba nunawa baƙi, ruwa kawai, sannan a gwada ta. Kuma kowace da akwatinta, ba a haɗa biyu.

Akwai ƙin cin da ba shi da magani sai haƙuri. Idan za ta yi saɓa, launinta yana dusashewa, idanu su yi fari-fari mai shuɗi, daga baya su washe, bayan 'yan kwanaki fatar ta fita. Duk abin yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, yawancinsu ba sa ci a ciki. Sai lokacin barbara, wanda ke farawa daga ƙarshen damina zuwa cikin sanyi. Baligin namiji yana iya rufe baki watanni, yana yawo cikin dare yana neman mace, ko da babu mace a gidan. Mace mai ƙwai tana daina ci kafin ta saka, ta naɗe a kan ƙwan nata, 3 zuwa 11, na kusan wata biyu, ba ta ci sai sun ƙyanƙyashe. Masu kiwo sun kuma lura cewa matasan mata da yawa suna tsayawa da ci idan sun kai wajen kilo ɗaya, su dawo da kansu. Wani ƙin cin ma ƙoshi ne kawai. An cusa mata abinci duk mako har ta yi kitse, fata tana buɗewa tsakanin ɓawo, sai ta huta. Wannan ita ta fi mai ita hankali.

Yanzu abincin kansa, kuma a nan ne nake roƙon a saurare ni da kyau. Kada a ba ta ɓeran rumbu. Na san shi ne a kusa, kyauta, kuma gaskiya ne ɓeran nan mai yawan nonuwa yana cikin abincinta na daji. Amma shi ne kuma mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa take shiga mutum. Mai kama shi da hannu yana wasa da ran iyalinsa ne. Ban da haka, babu ƙauyen da ba a zuba shinkafar ɓera, ɓeran da ya kamu cikin sauƙi kuwa sau da yawa wanda ya riga ya ci guba ne. Ga tsutsar ciki. Hanya mai tsafta ita ce kiwon fararen ɓeraye irin na ɗakunan gwaji na jami'o'i. Namiji ɗaya da mata biyu ko uku a robar wanka mai murfin raga, dusa da gero da ɗan ƙuli-ƙuli, da ruwa. Cikinsu kwana 19 zuwa 21 ne, suna haifar 6 zuwa 12, ana yaye su a mako uku. Wannan ya ishi mesa ɗaya har da ragi.

'Yan tsaki na kwana ɗaya ma suna yi, ga su a wajen masu kaji. Wani bincike da masana biyu, Luiselli da Angelici, suka wallafa a 1998 kan wannan mesa a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna mazan sun fi hawa bishiya da cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin ɓeraye. Don haka namijin da ya ƙi ɓera ya karɓi ɗan tsako bai yi abin mamaki ba. Illar tsako ita ce kashin yana zuwa da ruwa da wari, kuma wasu idan sun saba ba sa komawa ɓera. Ni na ɗauke shi mabuɗi ne, ba abincin kullum ba.

Girman abinci kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Ga ƙanana, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsu, duk kwana 5 zuwa 7. Mai giram 200 ke nan ɓera mai giram 20 zuwa 30. Matasa duk kwana 7 zuwa 10. Babba, wajen kashi 5 cikin 100, duk mako biyu zuwa uku, wata ma har huɗu. Idan ana shakka a zaɓi ƙarami. Mesar da ta daɗe ba ta ci ba da ƙaramin abu ake buɗe mata baki.

Yadda ake miƙawa shi ne rabin aikin. A leɓenta na sama akwai jerin ƙananan ramuka masu jin zafin jikin dabba cikin duhu, harshenta kuma yana ɗauko ƙamshi ya kai wata gaɓa da ke saman bakinta. Da waɗannan biyun take farauta, ido na baya ne. Ɓera mai sanyi a wurinta ba abinci ba ne. Idan daga firiza aka ciro, a bar shi ya saki gaba ɗaya, a matsa cikinsa a tabbatar babu ƙanƙara, a sa shi a leda a tsoma a ruwan ɗumi minti goma zuwa sha biyar har jikinsa ya kai digiri 37 zuwa 40, kan ya fi ko'ina ɗumi. Ba a tafasa shi, cikin yana fashewa. Wanda firizarsa ke mutuwa tana dawowa saboda wuta ya haƙura da ajiya, ya kashe ɓeran nan take, da sauri ba tare da azabtarwa ba, ya miƙa da ɗuminsa. Lokacin shi ne bayan isha'i, fitila a kashe ko a rage. A wanke hannu don kada ya yi warin ɓera. A riƙe shi da dogon hantsaki ta bayan wuya, a kawo shi bakin maɓoya, tazarar ɗan yatsa, a ɗan motsa shi a ƙasa. Ba a buga mata shi a hanci, ba a saukar da shi daga sama, wannan tsorata ta yake yi ta dunƙule. Alamar mai son ci ita ce kai a bakin maɓoya, wuya a lanƙwashe, harshe yana fita da sauri. Idan ta kama ta naɗe, a ja da baya a bar ɗakin. Wasu kuma masu kunya ne, ba sa kamawa a gaban mutum. A ajiye musu a bakin tukunya, a rufe, a duba da asuba. Wanda ya kwana ba a ci ba a binne shi, ba a mayar da shi firiza. Sai a kula da tururuwa da cinnaka, don mataccen ɓera yana kiransu cikin dare, su kuma suna iya illata mesar. Idan akwatin yana kan tebur, ƙafafun teburin a tsoma su a gwangwanin ruwa.

Ɓera mai rai shi ne na ƙarshe, kuma mutum yana tsaye. Minti goma sha biyar, in ba ta kama ba a cire. Mesar da ba ta jin ci ba ta kare kanta, dunƙulewa take yi, ɓera mai yunwa kuwa zai ci bayanta har ƙashi kafin gari ya waye.

Idan ta ƙi, a jira mako guda zuwa kwana goma kafin a sake. Miƙawa kullum yana sa ta ɗauki hantsakin a matsayin abin tsoro. Kuma a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba: yau ƙaramin ɓera, wani makon a goga masa gashin tsako, na gaba a huda kansa don ƙamshi ya fito, ko a ba da mai duhun gashi maimakon fari, domin waɗanda aka kamo daga daji ba su san farin ɓera ba. Su waɗannan su ne mafi wuya. Suna zuwa da kaska a tsakanin ɓawo, da tsutsa a ciki, da ƙishirwa, wani lokaci da rauni a baki. Kafin a yi musu maganar ci sai an gyara waɗannan.

Bayan ta ci, kwana biyu ba taɓawa. Idan ta amayar, kusan kullum dalilin ɗaya ne cikin uku: sanyi, ko abinci ya yi girma, ko an ɗauke ta da wuri. Amai yana ƙone mata maƙogwaro, don haka a ba ta hutun mako biyu, sannan a koma da rabin girman da aka saba. Amai biyu a jere na likita ne. Duk wanda ya taɓa ta ko kashinta ya wanke hannu da sabulu, don macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai jawo wa mutum zawo, kuma kada a wanke kwanonta inda ake wanke na abinci.

Ƙin cin da ke tare da cuta yana da alamunsa. Numfashi da fito ko ƙara, kumfa ko majina a baki da hanci, buɗe baki da ɗaga kai sama, wannan ciwon huhu ne, kuma bayan hunturu aka fi ganinsa. Dasashi ya yi ja, ko wani abu fari-rawaya ya taru a cikin baki, ruɓewar baki ce. Ƙananan baƙaƙen ƙwari a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, ko suna yawo a ruwan da ta kwanta, masu shan jini ne. Ga zawo mai wari, ga kumburi a wani sashe na ciki, ga kasa juyowa idan an kwantar da ita rigingine. Ko ɗaya daga ciki aka gani, ba a jiran sikeli. Ɗure kuwa, wato cusa mata abinci da ƙarfi, ba aikin mai kiwo ba ne. Ana karya mata haƙora, ana yaga maƙogwaro, kuma idan cuta ce ta hana ta ci, abincin zai dawo ya ƙara mata rauni.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da maciji ba, don haka a yi waya a tambaya kafin a kama hanya. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wuri ne da za a iya nema, ma'aikatan gidan namun daji na Audu Bako a Kano ma suna iya nuna wanda ya san aikin. A ɗauke ta a jakar yadi da aka ɗaure baki, cikin kwali mai ramuka, da sassafe kafin mota ta yi zafi. A tafi da littafin nauyi, da ranar da ta ci na ƙarshe, da sabon kashinta a leda don a duba tsutsa. Kada a ba ta allurar tsutsa ta awaki da ƙiyasi, ko a fesa mata maganin sauro don ƙwari, domin maganin maciji da giram ake auna shi.